Kundin gwaji: feshin sinadaran girma a kan waken soya a ƙasa mai kadmiyam, daminar 2024

27 ga Mayu

Yau na fara wannan gwaji a rumfar raga da ke bayan ɗakin gwaje-gwajenmu a Kano. Abin da nake son tabbatarwa shi ne ko fesa wa waken soya sinadaran da tsiro ke sarrafa girmansa da su zai rage wahalar da yake sha a ƙasar da ta gurɓata da ƙarfe mai guba, sannan ko feshin zai rage gubar da ke isa cikin ƙwayar da mutane za su ci. Tambaya ta biyu ta fi damuna, domin waken soya a nan yana ƙarewa ne a kaskon awara da kunun yaye.

Na zaɓi kadmiyam saboda waken soya na cikin amfanin gonar da ke saurin zuƙarsa har ya kai shi ƙwaya. Dalma, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a shekarar 2010, akasarinta a saiwa take maƙalewa, kuma ta ƙurar dutsen zinariya ta fi shiga jikin yaran. Kadmiyam kuwa ta abinci yake bi. Cutar da ake kira itai-itai a lardin Toyama na Japan ta samo asali ne daga shinkafar da aka yi wa ban-ruwa da kogin Jinzu, wanda ya kwaso kadmiyam daga mahaƙar Kamioka, kuma sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince da musabbabin a hukumance. Idan ya shiga jikin mutum, a ƙoda yake taruwa, yana iya yin shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A nan Kano, ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa koguna da ake noman rani a bakinsu, saboda haka maganar ba ta yi mana nisa ba.

Tsarin gwajin: bokitai 48, kowanne da ƙasa kilo 8. Rabi za a zuba musu kadmiyam miligiram 5 a kowane kilo na ƙasa, rabi a bar su yadda suke. Kowane rabi ya kasu kashi huɗu bisa abin da za a fesa: ruwa zalla, salisilik asid mai sauƙi, salisilik asid mai ƙarfi, da jibarelin. Kowane kashi bokiti 6.

29 ga Mayu

An kawo ƙasar daga wata gonar jigawa da ke nesa da kowace masana'anta da babban titi. Mun shanya ta, mun tankaɗe da rariya, na ɗebi samfuri na ajiye. Ma'aunin tsaminta ya nuna 5.8, wato tana da ɗan tsami tunda ƙasa da 7 take, kuma a irin wannan ƙasa mai yashi da ƙarancin taki kadmiyam ba ya samun abin da zai riƙe shi, sai ya tafi wajen saiwa kai tsaye.

Kuɗin da aka kashe: bokitai 48 a kan naira 1,200 kowanne, 57,600, farantan tare ruwa na ƙarƙashi, 19,200, dakon ƙasa da kuɗin mota, 15,000.

31 ga Mayu

Haɗa ƙasa da guba. Gishirin kadmiyam kuloraid da ke ma'ajiyarmu kusan rabin nauyinsa ne kawai ƙarfen, saboda haka kowane bokiti ya buƙaci miligiram 81 kafin a samu miligiram 40 na kadmiyam ɗin kansa. Na narkar da shi a ruwa, na yayyafa a ƙasar kowane bokiti daban a cikin baho, na cakuɗa da hannu cikin safar roba biyu da takunkumi. Bokitai 24 duka ba su ci giram 2 cikakke ba. Garin da ya cika ɗan gefen ƙaramin cokali ya isa ya gurɓata ƙasa kusan kilo 200, kuma idan aka ajiye bokiti mai guba kusa da mai tsabta babu idon da zai bambance su. Dole ta sa na shafa wa masu gubar jan fenti a baki.

Za a bar ƙasar da danshi kusan mako uku domin ƙarfen ya zauna a jikinta kamar yadda yake zama a gona.

12 ga Yuni

Ban-ruwa kawai. An sayo salisilik asid giram 100 a kan 14,000, jibarelin 6,000, da iri kilo 1 a kan 2,000.

19 ga Yuni

An dawo daga hutun Babbar Sallah, yau aka yi shuka. Irin shi ne TGx 1835-10E na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wanda ke nuna da wuri kuma yake jure cutar tsatsa. Na shafa masa garin Nodumax mai ɗauke da ƙwayoyin halittar da ke shiga saiwa su yi gudaji, su riƙa kama naitirojin daga iska suna ba tsiron. Ƙwaya 5 a kowane bokiti, zurfin gaɓar yatsa biyu.

Malam, wanda ke duba aikin nan nawa, ya ja hankalina kan takin supa. Dutsen fosfat da ake yin wannan taki da shi yakan zo da kadmiyam a jikinsa, wani mai yawa, wani kaɗan, gwargwadon inda aka haƙo shi. Ya ce: "Idan ka zuba supa daga buhun kasuwa, bokitanka masu tsabta ba su zama masu tsabta ba." Na ce: "Allah ya gafarta Malam, to da me zan ba shi fosfaras?" Sai ya ba ni sinadarin fosfat tatacce daga ma'ajiya, na zuba wa kowane bokiti daidai wa daida.

24 ga Yuni

Tsiro ya fito ko'ina. A bokitai masu jan baki ya makara da kusan kwana ɗaya.

1 ga Yuli

Na yi cira, na bar tsiro 2 a kowane bokiti. Waɗanda na cire na wanke saiwarsu na jera a kan farar takarda. Na ƙasa mai tsabta saiwarsu fara ce, doguwa, da gashi-gashi a gefe. Na ƙasa mai guba gajeru ne, sun yi kauri, bakinsu ya yi ruwan ƙasa. A sama kuwa ganyen duka kore ne, ba a iya ganin wani bambanci. Ɓarnar ta riga ta fara a ƙarƙashi kafin ganye ya nuna komai.

10 ga Yuli

Feshi na farko, tsiron yana da ganye mai kunne uku guda uku. Salisilik asid ba ya narkewa da sauƙi a ruwan sanyi, sai da na fara narkar da shi a ɗan itanol, wato barasar da ake aiki da ita a ɗakin gwaji, kafin na cika da ruwa. Mai sauƙin miligiram 69 ne a lita, mai ƙarfin 276, jibarelin kuma 50. Ruwan zallan ma na sa masa itanol da sinadarin da ke sa feshi ya kama ganye daidai da sauran, domin kada a wayi gari ana danganta wa sinadarin girma aikin da itanol ya yi. Kafin fesa kowane kashi nakan fitar da bokitansa waje, in rufe ƙasar da leda, saboda kada feshin ya ɗiga cikin ƙasa ko iska ta kai shi kan maƙwabci. An fara da ƙarfe 5 na yamma, aka gama gab da magariba.

Ga dalilin da ya sa ake sa ran feshin zai yi amfani. Kadmiyam ba shi da wani aiki a jikin tsiro, amma yana shiga ta ƙofofin da saiwa ke ɗaukar zink da ƙarfen ayon da manganis. Da ya shiga sai ya hana waɗannan isa ganye, ya hana yin koren ganye, ya kuma sa wasu sinadarai masu ƙuna irin su haidirojin feroksaid su taru har su huda bangon ƙwayoyin tsiron. Salisilik asid shi ne sinadarin da tsiro ke bazawa a jikinsa idan cuta ta kama shi, kuma idan aka ba shi kaɗan daga waje yakan ƙara ƙarfin sinadaran da ke kashe waccan ƙuna, da waɗanda ke ɗaure ƙarfen su killace shi. Jibarelin kuwa aikinsa miƙar da kara. An gano shi ne ta wata cutar shinkafa da ke sa kara ya yi tsawo fiye da kima har ya faɗi, wadda Eiichi Kurosawa ya yi bincike a kanta a Taiwan a 1926.

13 ga Yuli

Feshi mai ƙarfi ya ƙona ganye. Tun jiya na ga gefen ganyen ya fara naɗewa, yau kuma an samu ɗigo-ɗigon ƙuna masu ruwan ƙasa a duk inda ruwan feshin ya taru ya bushe, musamman a tsinin ganye. Abin ya shafi bokitai 12 ɗin duka, masu guba da marasa guba, wanda ya nuna daga feshin ne, kadmiyam ba shi da hannu. Amma a masu gubar ya fi muni: ƙananan ganyen da ke fitowa sun yanƙwane, biyu ma sun zube. Kashin miligiram 69 ko tabo babu.

Mun daɗe muna muhawara da Malam ko a rage ƙarfin feshin a zagaye na biyu. Ra'ayina shi ne a bar shi yadda yake, kuma a ƙarshe ya amince. Manomin da ya ji an ce wani magani na da amfani, abu na farko da yakan yi shi ne ya ƙara awo, saboda haka sanin inda amfani ya tsaya cuta ta fara yana da daraja daidai da sanin awon da ya dace. Ninki huɗu kawai ke tsakanin awon biyu, kuma wanda ke auna gari da murfin kwalba zai iya tsallake wannan tazara bai sani ba.

18 ga Yuli

Yanzu gubar ta bayyana a sama. Kashin da aka fesa wa ruwa zalla a ƙasa mai kadmiyam ya tsumbure, sababbin ganyensa sun yi rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin da maƙogwaron ganyen kuma sun yi ja-ja mai duhu. Kashin salisilik mai sauƙi yana da rawayar, amma ba ta kai haka ba, kuma ganyensa ya fi faɗi. Na jibarelin sun fi kowa tsawo, har sun wuce na ƙasa mai tsabta da ba a fesa wa komai ba, sai dai karan siriri ne, gaɓoɓinsa sun yi nisa da juna, ganyen kuma fari-fari.

22 ga Yuli

Farin ƙuda ya shigo ta wata ɓula a ragar. An ɗinke, an fesa man darbejiya ga bokitai duka. Naira 3,000.

25 ga Yuli

Feshi na biyu, kamar na farko. Na kafa wa na jibarelin sanduna domin sun fara kwanciya.

3 ga Agusta

Dokar hana fita da aka sa a Kano ranar 1 ga wata ta hana ni zuwa. Baba mai gadi ne ya riƙa ba su ruwa da gwangwanin da na yi wa alama, bayan na roƙe shi ta waya kada ya taɓa ruwan da ke cikin farantan. Babu wanda ya bushe. Fure ya fara fitowa a bokitai masu tsabta.

7 ga Agusta

Yau aka zazzage bokitai 16, biyu daga kowane kashi, domin duba saiwa. An wanke su a babban baho, ruwan wankin masu guba kuma an tara shi a jarka.

A ƙasa mai tsabta gudajin sun yi yawa, sun kewaye kan babbar saiwa, wasu sun kai girman ƙwayar dawa, kuma idan na tsaga da reza cikinsu ja ne kamar ɗanyen nama, alamar suna aiki. A ƙasa mai guba da feshin ruwa zalla gudajin ba su kai rabin wancan ba, ƙanana ne, da yawansu cikinsu fari ko kore-kore. Wannan ya bayyana mini wani ɓangare na rawayar ganyen: ban da ɓarnar da gubar ke yi kai tsaye, ta kuma yanke wa tsiron hanyar samun naitirojin, wato babban dalilin da ya sa manomi ke saka waken soya a juyin shukarsa kafin masara. Kashin salisilik mai sauƙi ya tsaya a tsakiya, gudajinsa sun fi yawa kuma akasari ja ne. Na jibarelin ne suka ba ni mamaki, domin duk tsawon da ke sama, saiwarsu ba ta fi ta kashin ruwa zalla ba.

An raba saiwa da ganye cikin ambulan, an sa a injin busarwa. Wuta ba ta tsaya ba, sai da janareta. Man fetur 11,000.

16 ga Agusta

Feshi na uku kuma na ƙarshe, kwanso ya fara fitowa.

21 ga Agusta

Daren jiya an yi ruwa da iska mai ƙarfi, ta yaye ledar rufin daga gefen gabas, kuma a wannan gefen ne layuka biyu suka sha ruwan marka har asuba. Da na iso na tarar da bokitai 3 a kife, biyu masu jan baki, ɗaya mai tsabta, karansu ya karye daga tushe. Waɗannan sun fita daga lissafi. Abin da ya fi asarar tsiron tayar mini da hankali shi ne farantan ƙarƙashi sun cika sun tumbatsa, ruwan da ya ratsa ƙasa mai guba ya malala a daben rumfar, ya gangara ta bakin ƙofa zuwa wani ɗan fili inda Baba ya shuka kuɓewa da yakuwa.

Na ce masa: "Baba, wannan kuɓewar ba za a ci ta ba." Ya dubi shukar, wadda ta yi kyau ƙwarai, ya ce: "Ɗana, lafiyarta ƙalau, dubi ganyenta." Na ɗauko masa bokiti ɗaya daga kashin salisilik mai sauƙi, mai jan baki, na nuna masa cewa shi ma lafiyarsa ƙalau a ido alhali da hannuna na zuba masa guba. Ya yi shiru, sannan ya ɗauko fartanya da kansa. Mun tuge shukar duka, mun kankare ƙasar wurin zurfin taƙi guda tare da ƙasar bokitan da suka kife, muka zuba a buhuna masu leda a ciki, aka kai ma'ajiyar shara mai guba. Na biya shi 5,000 a madadin shukarsa. Sabuwar leda da kuɗin kafinta, 26,000.

Akwai kuma matsalar lissafi. Bokitan da ruwa ya wanke mai yiwuwa sun rasa wani kaso na kadmiyam ɗinsu, kuma idan haka ne za su nuna ƙarancin guba a ƙwaya ba don feshi ba. Sa'ar da aka yi ita ce tun farko an warwatsa bokitan ba bisa kashi ba, don haka ruwan bai faɗa wa kashi ɗaya kaɗai ba. Na rubuta lambobin waɗanda suka jiƙe, kuma za a auna ƙasarsu bayan girbi.

2 ga Satumba

Kwanso na cika. Ban-ruwa da tsince ciyawa.

14 ga Satumba

Ganye ya fara zuba. Masu guba sun riga masu tsabta, ban da kashin salisilik mai sauƙi da har yanzu yake riƙe da korensa.

26 ga Satumba

Girbi. Na yanke bokitai 29 da suka rage tun da safe, lokacin da kwanson ke da sauran danshi, domin kada ya fashe. An ɓare da hannu, kowane bokiti a ambulan ɗinsa.

Idan aka ɗauki ƙasa mai tsabta da feshin ruwa a matsayin ma'auni, kadmiyam ya cinye kusan rabin nauyin ƙwaya. Salisilik mai sauƙi ya dawo da kusan rabin abin da aka rasa, kuma ƙwayoyinsa sun cika, ba su motse ba. Mai ƙarfin bai tsinana komai ba, a ƙasa mai tsabta ma rage amfanin ya yi. Jibarelin ya ba da kara da yawa da kwanso kaɗan, wasu ma fanko.

4 ga Oktoba

Awon ƙarfe a na'ura naira 3,500 ne kowane samfuri, kuɗin da ke hannu kuma ba zai ɗauki komai da komai ba. Na fifita ƙwaya: samfuri 14 daga bokitai masu guba, kowanne daban, na masu tsabta an haɗe su zuwa 4, saiwa 8, ganye 8, ƙasa 4. Jimla 38, naira 133,000. An niƙa, an kai. Duk abin da aka kashe tun farko ya kama 291,800.

28 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Saiwa ce ta fi tara kadmiyam, sai ganye, sannan ƙwaya, kamar yadda aka saba gani. Ƙwayar bokitai masu tsabta tana ƙasa sosai da iyakar miligiram 0.2 a kilo da Tarayyar Turai ta sa wa waken soya. Ƙasar bokitan da ruwa ya wanke ta ɗan ragu, amma ba yadda zai sauya lissafin ba.

A ƙasa mai guba, salisilik mai sauƙi ya rage kadmiyam ɗin cikin ƙwaya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da feshin ruwa. Ragi ne na gaske, kuma na yi farin ciki da shi. Amma ko bayan ragin, ƙwayar ta ninka waccan iyaka sau da yawa. Babu bokiti ɗaya mai jan baki da wakensa ya cancanci shiga tukunya.

Wannan ya sauya yadda zan rubuta rahoton. Feshin ya gyara tsiron fiye da yadda ya tsabtace ƙwayar, kuma a nan nake ganin haɗari. Gonar da ta gurɓata tana gargaɗin mai ita ta hanyar tsumburewa da rawayar ganye, har ya haƙura da ita ko ya nemi a duba masa. Idan aka ba shi feshin da zai ɓoye waɗannan alamu, zai girbe buhuna masu kyau ya kai kasuwar Dawanau, babu wanda zai san abin da ke ciki. Saboda haka ba zan ba da shawarar feshin shi kaɗai ga kowa ba sai an fara auna ƙasar. Inda nake ganin zai yi amfani shi ne gonar da gubarta kaɗan ce, wadda wakenta ke dab da iyaka, inda ragin kashi ɗaya cikin huɗu zai iya mayar da shi ƙasa da ita. Gwajina bai taɓa wannan ba, domin miligiram 5 a kilo gurɓata ce mai tsanani, kuma bokiti huɗu ko uku a kashi ba su isa a gina hukunci a kai ba.

4 ga Nuwamba

Mun zauna da Malam kan zagaye na gaba. An cire jibarelin da salisilik mai ƙarfi. Za a sauko da kadmiyam zuwa miligiram 1 da 2 a kilo, a ƙara yawan bokitai a kowane kashi, a kuma gwada salisilik mai sauƙi tare da abubuwa biyu da ke tare gubar tun daga ƙasa: farar ƙasa domin rage tsamin ƙasar har ma'aunin ya hau zuwa wajen 6.5, da zink, wanda ke gogayya da kadmiyam a ƙofar saiwa. Malam yana son a ƙara iri na biyu, TGx 1448-2E, saboda ire-iren waken soya sun bambanta wajen yawan abin da suke kai wa ƙwaya. Ni kuma na nemi a ɗebo ƙasa ta ainihi daga gonakin bakin kogin Jakara, da izinin masu su, a auna ta kafin komai.

Kafin a zuba ko giram ɗaya, za a yi wa daben rumfar siminti da ɗan gini a gefe da ramin tara ruwa. Magini ya yi kiyasin 85,000. Ƙasar bokitai masu jan baki tana cikin buhuna a ma'ajiya, an rubuta wa kowanne abin da ke ciki. Sanyin hunturu na rage wa waken soya girma, don haka shuka sai ƙarshen Fabrairu.